Yadda allurar rigakafi ke isa ƙauyukan Ɗambatta da sanyinta

Kafin allurar ƙyanda ta shiga damtsen jariri ɗan wata 9 a wani ƙauyen Ɗambatta ko Makoɗa, ta sha doguwar tafiya: daga ma'ajiyar Tarayya a Abuja zuwa ɗakin sanyi na jihar Kano, sannan asibitin mazaɓa. Duk tsawon hanyar, dole ta zauna cikin sanyin da bai wuce digiri 8 ba. Zafin bazara na kashe ƙarfinta. Ta Penta kuwa, wadda ke kare mashaƙo, ƙanƙara ce ajalinta, in ta daskare ta tashi aiki.

Shi ya sa firji mai amfani da hasken rana ya fi janareto daraja a karkara. A jikin kwalbar akwai ɗan tambari da ke yin duhu idan zafi ya taɓa ta.

Wahalar tana ƙarshen hanya. Ma'aikaci ya ɗauro akwatin sanyi a babur, ya ratsa burtali cikin damina, ya tarar iyaye suna gona. Kwalbar ƙyanda da aka haɗa, bayan awa 6 zubarwa ake yi. Don haka sanarwar mai unguwa tun jajibiri tana da nauyi daidai da firjin.