Littafi a Ɗakin Uwa: Dalilin Waƙafin Littattafan Yara

A shekarar 2019 gwamnatin Kano ta ayyana ilimin firamare kyauta kuma dole. Hakan ya sauƙaƙa wa iyaye, amma bai kai littafi cikin gida ba. A lungunan Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, magidancin da ke neman na cefane a tashar mota ba zai fifita littafin labari a kan kwanon masara ba, mu kuma ba mu ga laifinsa ba.

Abin da ke ƙarfafa mana gwiwa shi ne rubutun Hausa ba ya wahalar da mai koyo, domin kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali ya kama hanya, muddin yana da abin karantawa da wanda zai saurare shi. Mai sauraron nan galibi uwa ce ko yaya, musamman waɗanda ke zuwa Islamiyya. Ko uwar ba ta iya boko ba, tana iya tambayarsa abin da labarin ya ƙunsa.

Zakka tana da masu cin ta guda 8 da aka ƙayyade, shi ya sa muka ɗora wannan aiki a kan waƙafi: littafin yana nan, amfaninsa yana zagaya gidaje. Muna roƙon kwamitocin masallatan Tarauni su tanadi kabad mai makulli, da rajistar aro, da amintaccen mutum guda da zai riƙa ba da aro bayan La'asar.