WAƊANDA SUKA YI SAURA: DARASI DAGA ANNOBAR SHANU TA 1891

Akwai wani labari da masu shirya finafinai na Amurka da Turai suke yawan maimaitawa. Wani bala'i ya auka wa duniya, ko yaƙin nukiliya ko annoba, ya shafe birane da hukumomi. 'Yan tsirarun da suka yi saura sai su kasu gida biyu: masu ɗaukar makami suna ƙwatar abincin wasu, da wata 'yar al'umma da ta ɗauki alkawarin ba za ta zubar da jini ba. Tambayar da ake so mai kallo ya yi ita ce, a cikinsu wa zai ɗore?

Ba sai an je gidan silima ba kafin a nemi amsa. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kamar sauran ƙasar Hausa, ta taɓa ganin abin da ya yi kama da tashin duniya har sau biyu cikin shekara 25.

Ciwon bushiya

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a gaɓar Bahar Maliya, domin ciyar da rundunarsu. Tare da shanun nan cutar bushiya ta shigo. Ta bi burtali da mashaya ta yi yamma, kafin ƙarshen 1891 ta ratsa ƙasar Barno da ƙasar Hausa. Masana sun ƙiyasta cewa a wuraren da ta bi, ta kashe kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na shanu.

Ƙwayar da ke haddasa bushiya 'yar mitsitsiya ce ƙwarai, ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta, kuma dangin ƙwayar cutar ƙyanda ce. Ba ta kama mutum. Saniyar da ta kamu takan fara da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sannan zawo mai tsanani ya tsotse ruwan jikinta. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ta mutu. Da yake ta numfashi da majina da kashi cutar ke yaɗuwa, mashaya ɗaya ta isa ta haɗa garke goma. Amma wadda ta kamu ta warke, ba ta sake kamuwa har iyakar rayuwarta.

Ga Bafulatani, saniya ita ce abinci, ita ce sadaki, ita ce gado. Ga manomi kuwa, ita ce takin gonarsa, musamman a jigawa inda ƙasa ba ta da ƙarfi. Saboda haka mutuwar shanu ta taɓa kowa.

Lissafin farfaɗowa

Ga wani lissafi da ɗalibai za su iya gwadawa a aji. A ɗauka makiyayi yana da shanu 100, annoba ta bar masa 10. Saniya takan yi wata tara da ciki, karsana kuma takan kai kimanin shekara huɗu kafin haihuwar fari. Ko da an yi sa'a garken yana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara, sai ya yi shekara 25 kafin ya koma 100. Wanda aka bari da igiya kawai kuwa, ba shi da abin da zai ninka.

Tun wannan lissafi bai cika ba sai ga bala'i na biyu. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914. Dubban mutane suka mutu a Lardin Kano, ga kuma ayarin mayunwata daga Damagaram suna kwararowa kudu. Kazaure da Babura suna kan hanyoyin da suka haɗa Damagaram da Kano. Ba a rasa satar hatsi da ɓoye abinci a irin wannan lokaci ba, domin yunwa ba ta san kunya ba. Amma sata ba ta haifar da maraƙi, ba ta kuma cika rumbu. Abin da ya mayar da ƙasa kan ƙafarta dabam ne.

Dabarun zaman tare

Fulani suna da al'adar da suke kira haɓɓanaye. Mai shanu ya ɗauki saniya ya ba wanda ya rasa, ya sha nononta, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, bayan haihuwa biyu ko uku ya mayar da uwar. A ido kamar asara ce ga mai bayarwa. A lissafi kuwa riba ce, domin ya raba dukiyarsa a garke dabam-dabam, yadda cuta ko fari ba za su same ta a wuri guda ba, ya kuma sami wanda zai tallafe shi ranar da tasa ta zo.

Manoma ma suna da nasu. Akwai rumbun tsimi da ake ajiye gero a zangarniyarsa saboda baƙar shekara. Akwai gayya, akwai zakka, akwai ba da kiwon akuya a raba 'ya'ya. Bayan girbi makiyayi ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki. Ga kuma sanin tsirrai da tsofaffin mata suka riƙe: tafasa, da kuka, da aduwa, da goriba, da 'ya'yan hanza waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita.

Kimiyya ta gwada wannan hikima. A 1980 wani masani a Jami'ar Michigan ta Amurka, Robert Axelrod, ya shirya gasa tsakanin manhajojin kwamfuta, inda kowace za ta zaɓi ko ta yi amana ko ta ci amanar abokiyar wasanta, ana maimaitawa sau da yawa. Wadda ta yi nasara, ta Anatol Rapoport, ƙa'idarta mai sauƙi ce: ba ta fara cuta, tana rama abin da aka yi mata, tana kuma yafewa da zarar an daina. Wato dai ba ni gishiri in ba ka manda. Muddin mutane za su sake haɗuwa gobe, amana ta fi ƙwace riba.

Iyakar haƙuri

Sai dai akwai gargaɗi a tarihin wata al'umma mai nisa. Mutanen Moriori na tsibiran Chatham, kimanin kilomita 800 gabas da New Zealand, sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin dokar kakansu Nunuku wadda ta haramta kisa. A 1835 wasu mayaƙan Maori suka sauka a tsibiran. Moriori suka yi taro, suka yanke shawarar ba za su karya dokar ba. Aka kashe ɗaruruwansu, aka bautar da saura. A 1862 mutum 101 kaɗai suka rage, ko da yake zuriyarsu tana nan har yau. Ashe zaman lafiya na gefe ɗaya ba ya tsayawa da ƙafarsa. Yana bukatar maƙwabcin da shi ma yake da abin da zai rasa, da kuma hukuma mai adalci da za ta tsawata wa azzalumi.

Ƙarshen bushiya

Ita kanta bushiya haɗin kai ne ya ga bayanta. A 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom. Daga baya Walter Plowright, wani likitan dabbobi ɗan Ingila da ke aiki a Kenya, ya samar da allurar rigakafi mai inganci. A 1962 Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka fara gangamin yi wa shanu allura tare, domin cuta ba ta san kan iyaka ba. Da aka yi sakaci, ta dawo a 1983 ta yi wa makiyayan Arewa mummunar ɓarna. Aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga doron ƙasa. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya shafe, bayan agana.

Fari dai bai tafi ba, kuma gona da burtali suna ƙara matsuwa. Zai yi kyau malamai su tura ɗalibai wurin dattawan Roni ko Gwiwa ko Babura da suka ga farin 1973 da na 1984, su tambaye su: me kuka ci, wa ya ba ku iri, wa ya ara muku saniya? A rubuta amsoshin a ajiye, domin su ma wani rumbun tsimi ne.