WAƊANDA SUKA ZO KO SUKA TAFI A BAKIN SHEKARA

Bara, da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni wata 'yar makaranta aka tura ni a ƙasar Tudun Wada. Ran da na fara ɗaukar littafin kiran suna, sai na ga abin da ya ba ni mamaki. Fiye da rabin yaran ajin, wai duk ran 1 ga Janairu aka haife su. Na ce a raina, lalle ungozomar garin nan ba ta samun hutu ran sabuwar shekara! Da na komo kwaleji na ba abokan ɗakina labari, sai gardama ta kaure. Wani ya ce ai rana ce mai sa'a, har ya shiga lissafa shugabannin da aka ce ran nan aka haife su. Wani ya ce ba sa'a ba ce, ragwancin mai alƙalami ne. Abin da ya sa ke nan na yi nufin in ɗan rubuta abin da na sani game da manyan mutanen da suka zo duniya, ko suka bar ta, daidai bakin shekara, don mu ga inda gaskiya ta ke.

Da fari dai, in an ce sabuwar shekara, sai mu tambaya, wacce? Gama mu a ƙasan nan shekara uku mu ke bi. Akwai ta Turawa, mai bin rana, kwananta 365, farkonta Janairu. Su kansu mutanen Ingila ba su daɗe da tsai da ita nan ba, don kafin 1752 ran 25 ga Maris su ke soma ƙirgan shekararsu. Akwai ta Hijira, mai bin wata, kwananta 354 ko 355, farkonta Muharram, wanda mu ke ce wa watan cika-ciki. Sa'an nan akwai ta manomi, wadda ba ta da takarda, ruwan shuka ne ke buɗe ta. Wannan ta kan sauka kan duwatsun Riruwai da dajin Falgore a ƙasar Doguwa kafin ta iso Kiru da Bebeji, saboda haka tsohon ƙauye in ka tambaye shi shekarun ɗansa sai ya ce maka damina kaza.

Shekarar wata ta gaza ta rana da misalin kwana goma sha ɗaya. Don haka Muharram ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ya kan zo da damina, ya zo da rani, ya zo da ɗari, sai bayan shekara 33 ya komo inda ya faro. Har ma a kan sami shekarar Turawa guda da Muharram ya kama cikinta sau biyu, kamar 2008, wadda 1429 ta shigo a farkonta, 1430 kuma a ƙarshenta. Wanda ya riƙe wannan lissafi, sauran maganar ba za ta rikita shi ba.

To, wa ya kamata a fara ambata in ba wanda ya tsai da ƙirgan ba? A zamanin halifancin Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, takardun mulki suka yi yawa, ana aika su lardi lardi, ga sunan wata amma babu shekara. Sai ya tara Sahabbai aka yi shawara, aka zaɓi shekarar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaura daga Makka zuwa Madina, watau 622 ta Turawa, ta zama ta ɗaya, Muharram kuma ya zama watan farko. Dubi ikon Allah. A kwanakin ƙarshe na Zulhajji, shekara ta 23, wani bawa mai suna Abu Lu'ulu'a ya soke shi yana ba da sallar asuba. Ya yi kwana kaɗan yana jinya ya cika, masu tarihi da yawa kuwa sun rubuta cewa ran 1 ga Muharram na shekara ta 24 aka binne shi kusa da Annabi da Sayyidina Abubakar. Da lissafin Turawa cikin 644 ke nan. Watau mutumin da ya buɗe wa Musulmi ƙofar shekara, ta wannan ƙofa aka fita da shi. Cikin watan nan ne kuma, ran 10 gare shi, shekara ta 61, aka kashe Sayyidina Husaini, jikan Annabi, a Karbala.

Amma ba sai mun tafi Gabas ba. A nan kudancin Kano akwai gida guda da bakin shekara ya ratsa tarihinsa har sau uku, shi ne gidan Ɗantata, wanda tushensa ke Bebeji.

Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa, bisa hanyar Kano zuwa Zariya, zangon fatake tun kafin zuwan Turawa. Nan aka haifi Alhasan cikin 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro. Ubansa Abdullahi madugu ne, matar da ta rene shi kuwa Tata a ke ce da ita, daga nan sunan Ɗantata ya fito. Ya tashi maraya, ya ga wahalar Yaƙin Basasar Kano da aka fara cikin 1893, sa'an nan ya bi sawun iyayensa zuwa Gwanja. Abin da ya bambanta shi da sauran fatake shi ne saurin gane sabuwar hanya. Maimakon ya dogara ga jaki da ayari kaɗai, wata da watanni cikin daji, sai ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gwanja zuwa Ikko. Da reluwe ta iso Kano cikin 1911, Turawan kamfani suka buɗe cinikin gyaɗa, sai ya juya ga gyaɗa, ya baza yaransa ƙauyuka suna saye, har ya zama babban mai sayo wa Kamfanin Neja. Labari ya shahara cewa cikin 1929 kayan raƙumi ashirin na sulalla ya kai ajiya banki a Kano. Kafin ya rasu an shaida babu attajirin da ya kai shi a Afirka ta Yamma.

Ya rasu a Kano ran Laraba, 17 ga Agusta, 1955. Wanda ya dubi wannan rana da idon Bature ba zai ga kome ba, tsakiyar damina ce kurum. Amma in an juya ta zuwa lissafinmu, sai a tarar cikin kwanakin ƙarshe na Zulhajji 1374 ta faɗo, saura kwana biyu ko uku shekarar 1375 ta kama. Watau ya raka shekara har bakin ƙofa, suka fita tare.

Ɗansa Alhaji Aminu kuwa nasa ya fi ban mamaki. An haife shi a Kano ran Talata, 19 ga Mayu, 1931. Duk wanda ya buɗe jadawalin da a ke juya shekaru da shi zai ga ranan nan ita ce 1 ga Muharram, 1350. Ko da ya ke lissafi da ganin wata su kan saɓa da kwana guda, wannan bai fitar da haihuwarsa daga bakin shekara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun yana saurayi ya shiga sayen gyaɗa a kamfanin ubansa, daga 1960 ya zama shi ne shugaban kamfanin, ya faɗaɗa shi zuwa gine-gine da waɗansu sana'o'i. Ya zauna majalisar Jihar Arewa a Kaduna, ya kuma yi Kwamishina a Jihar Kano zamanin Gwamna Audu Bako. Amma abin da talakawa suka fi saninsa da shi shi ne buɗaɗɗen hannu wajen gina masallatai da makarantu da taimakon asibitoci.

Allah ya karɓi ransa a Abu Dabi ran Asabar, 28 ga Yuni, 2025, shekarar 1447 ba ta wuce kwana biyu ko uku da kamawa ba. Aka ɗauki gawarsa zuwa Madina, aka binne shi a Baƙi'a ran Talata, 1 ga Yuli, a Kano kuma aka yi masa salatul ga'ib. Da farkon Muharram ya zo, da farkon Muharram ya koma. Allah ya ji ƙansu, shi da mahaifinsa. Ga kuma darasin lissafi a nan wanda za mu iya ba yara a aji. Jaridu sun ce shekararsa 94, don 1931 daga 2025 saura 94. Amma 1350 daga 1447 saura 97. Duka biyu gaskiya ne, mudun awon ne ya bambanta.

Mu komo ga Janairu. Mu mutanen Arewa, in an ambaci farkon shekarar Turawa, abin da ke faɗo mana a rai shi ne daren 15 ga Janairu, 1966, da soja suka kashe Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna, suka kama Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko suka kashe. Su biyun duk malaman makaranta ne tun asali, Kwalejin Katsina ce ta horar da su kamar yadda a ke horar da mu yau. Ga Bature, mako biyu ke nan da shiga sabuwar shekara. Ga wanda ya ke azumi a Kiru ko Doguwa kuwa, goman ƙarshe ne na Ramalana 1385, wata na tara. Rana ɗaya, amma matsayinta biyu.

Batun waɗanda aka rubuta wa haihuwa ran 1 ga Janairu kuwa, gaskiya ne suna da yawa cikin manya. Takardu sun ba Mahamadu Isufu, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, ran 1 ga Janairu, 1952. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Bazum, shi ma 1 ga Janairu, 1960. Amma a lura da wani abu. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, yaron da aka haifa a ƙauye ba a kai rahoto ba, a kan rubuta masa cewa an haife shi wajen shekara kaza, babu wata babu rana. Da zamanin fasfo da kwamfuta ya zo, aka ce dole a cika gurbin, sai ma'aikata da yawa suka riƙa sa ranar farko ta watan farko. Haka kuma a ke yi wa 'yan gudun hijira da suka isa Amurka ba takarda. Saboda haka yawan sunayen da ke ƙarƙashin wannan rana ba ya nuna sa'arta, sai dai ya nuna yawan mutanen da ba a rubuta ranarsu ba.

Ba kuwa don Bahaushe bai kula da ranar haihuwa ba ne. Ya kula ƙwarai, sai dai a cikin suna ya ke ajiye ta. Ɗanladi da Ladi, Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanjuma da Jummai, duk ranar mako su ke faɗi. Azumi da Sallau da Tasalla wata su ke faɗi, Anaruwa kuwa damina. Shekara ce kaɗai suna ba ya ɗauka, ita sai a jingina ta ga wani babban abu. Tsofaffin Bebeji na dā su kan ce shekarar da Nasara suka fasa ƙofar gari, watau farkon Fabrairu, 1903, kwana biyu kafin su ci Kano. Na bayansu su ce shekarar marisuwa, 1918. Iyayenmu su ce shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, 1973, ko wadda aka gama madatsar ruwan Tiga, 1974.

Me za mu ɗauka daga wannan duka? Abu na farko, rana ba ta ba mutum girma. Ran da aka haifi Alhaji Aminu an haifi dubbai, Allah kaɗai ya san inda suka ƙare. Sayyidina Umaru da adalcinsa a ke tunawa da shi, ba da ranar jana'izarsa ba. Alhasan ma da a ke ambaton shekarar haihuwarsa kurum, ba wata ba rana, wannan bai hana shi zama abin da ya zama ba. Kada mu bari wani ya camfa wa yaranmu rana.

Abu na biyu, da ba a rubuta ranakun mutanen nan daidai ba, da ba mu iya gano wannan abin sha'awa ba. Mu kuwa gobe mu ne masu riƙe da littafin makaranta. Ranar da malami ya sa wa yaro ran da aka kawo shi, ita za ta bi shi zuwa jarrabawa, da neman aiki, har ran da za a sallame shi ya ci fansho. Yaron da aka haifa da kaka, aka rubuta masa 1 ga Janairu, an ɗora masa wata tara ko goma da bai ci ba, wata rana kuwa watannin nan su ne za su fitar da shi daga layin ɗaukar aiki.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana, in an kawo yaro ba takarda, kada mu yi gaggawa. Mu tambayi uwa, gama ita ba ta mantuwa. Wace rana ce? Kafin Babbar Salla ne ko bayanta? An yi shuka ko ana girbi? Kafin rasuwar Sarki Ado Bayero ne cikin 2014, ko lokacin kullen annobar 2020? Waye sa'ansa a unguwa wanda ke da takarda? Daga nan sai mu duba jadawali, mu rubuta rana ta Hijira da ta Turawa gefe da gefe. Mu kuma gargaɗi iyaye su riƙa karɓar takardar haihuwa tun ran suna. Aiki ne na minti goma, amma amfaninsa na tsawon rai ne.

Allah ya nuna mana sabuwar shekara lafiya, ta wata da ta rana da ta ruwan shuka, ya sa mu riƙe amanar alƙalamin da za a damƙa mana, amin.