Kalanda Biyu a Shagon Tela

Daga masallacin Tsinga zuwa cikin Briketeri, tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, sana'o'i uku ne suka fi cika ido: masu gasa tsire, wanda 'yan gari ke kira soya, masu shadda da atamfa, sai teloli da ke surfani har tsakar dare. Ciniki akwai shi. Abin da ke kayar da mai ƙaramin jari a nan shi ne lokaci, domin kalanda biyu yake bi, kuma ba sa tafiya tare.

Ta farko ta Musulunci ce. Azumi da Sallah sukan matso baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ta biyu ta gwamnatin Kamaru ce: komawa makaranta a Satumba, ranar mata ta 8 ga Maris da atamfarta ta kamfanin CICAM, sai bukukuwan Disamba. Waɗannan ba sa motsi. A 2016 Babbar Sallah ta faɗo 12 ga Satumba, a 2017 kuma 1 ga Satumba, daidai lokacin da maigida ke neman kuɗin makaranta da littattafai. Aljihu ɗaya, ga rago ga makaranta, ɗinkin sabuwar riga ne ke jira. Telan da ya ci bashin yadi da lissafin bara shi zai kwana da kaya. Alhali ranakun nan ana iya ƙiyasta su tun shekaru kafin su zo, da biro da takarda kawai.

Tsari ke nan, ba sai an shiga aji ba. Mai shago ya san watannin da kuɗi ke shigowa da waɗanda kasuwa ke mutuwa, ya daidaita kwasar adashinsa da lokacin sarin kaya, wata biyu kafin azumi, tun farashi bai tashi ba. Ya raba jari da kuɗin cefane, wanda shi ne mafi wuya a unguwar da baƙo daga Garwa ko Marwa ba ya rasa masauki. Kyauta halin kirki ce, amma a ware mata kasonta.

Akwai kuma abin da ba ya cikin kowace kalanda. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, bayan shekara ta kai 840. Mai tsire ya ji a jikinsa, tunda shanun da ake yankawa a mayankar Etudi daga arewa suke zuwa, musamman Adamawa, kuɗin jigila kuma a kan nama yake sauka.

Rajista ma tsari ce, ko da yake da yawa na gudunta saboda tsoron haraji. Tun 2010 dokar kasuwanci ta OHADA ta tanadi matsayi mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa, kuma gwamnati ta buɗe bankin ƙananan masana'antu, BC-PME, a 2015. Banki dai takarda yake tambaya. Telan da ya shekara biyu yana rubuta shiga da fita a littafi yana da abin nunawa ranar da zai nemi rancen keken surfani na zamani.