Karen Farauta da Makero

Da an kwashe amfanin gona a ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunci, sai ƙasa ta buɗe fetal, ba abin da ke tare ido sai kuka da gawo. Lokacin karen farauta ke nan, siririn nan mai tsukakken ciki da dogon baki. Hausawa na cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma inda ake nome kowane taƙi zomo ya yi ƙaranci. Sai kare ya koma tonon ramin gafiya da kurege, ko ya yi ta juya bushiya da hanci.

A nan yake kwaso makero. Gashi ya zube a hanci ko kunne ko ƙafar gaba, wurin ya zagaye kamar kwabo, ya yi furu-furu. Mai kare ya duba ya ce ƙazuwa ce, ya shafe shi da baƙin mai. Wannan cutarwa ce tsantsa, don man yana ƙona fata, kare kuma ya lashe ya haɗiye.

Ƙazuwa ƙwaro ne mitsitsi da ke haƙa fata, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Makero kuwa dangin fumfuna ne, gashi da ɓawon fata yake ci, sau da yawa ma karen bai damu da susa ba. Akwai Trichophyton mentagrophytes na jikin ɓeraye, akwai wani mai zama cikin ƙasa, sai Microsporum canis, wanda duk da sunan kare da yake ɗauke da shi, kyanwa ce babbar ma'ajiyarsa.

Ido kaɗai ba ya rabe su. A asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko cibiyar bincike ta Vom da aka kafa a 1924, daga bakin tabon ake tsige gashi. A cikin duhu, ƙarƙashin fitilar Wood, gashin da canis ya kama yakan yi ƙyalli kore shar. Sai kuma a shuka gashin a faranti, a jira mako 1 zuwa 3. Na canis yakan tsiro fari buzu-buzu, bayansa rawaya. Na ƙasa ya fito gari-gari, ruwan ƙasa.

Yaron da ke rungumar ɗan kwikwiyo yana iya ɗauka. Sai dai ana yawan ɗora wa kare laifin da ba nasa ba, shi kuwa sai dai ya mutu da haushin kura. Yawancin ƙorar da ke kan yara a Afirka ta Yamma daga mutum zuwa mutum take tafiya, ta aska da mataji da hula. Ko a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma halatta shi don farauta da gadi.

Likitan dabbobi kan ba da Griseofulvin ko Itraconazole na makonni, da wankan magani. Tsumman da karen ke kwana a kai kuma a ƙone shi, don irin cutar yana wuce shekara a cikin gashin da ya zube.