Kamarar gaban mota: Shaidar da ba ta mantuwa, in an iya zaɓenta

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ko ta Damagaram zuwa Magarya, ya san yadda ake ƙarewa in haɗari ya faru. Ɗan kabu-kabu ya faɗo titi ba zato, ko amalanke ya ratso da dare ba fitila, kafin a ce me jama'a sun taru, kowa da irin abin da ya ce ya gani. Sau da yawa mai babbar mota ake ɗora ma laifi, don ana ganin shi ne mai abin biya. Kafin jandarmomi su gama rubuta bayani, mota tana tsare, kaya na cikin rana, ranar kasuwa kuma ta wuce.

Wannan ne ya sa wasu masu motoci suka fara liƙa ƴar ƙaramar kamara a gilashin gaba, wadda ke ɗaukar hoton hanya tun daga tada mota har kashe ta. Abin ba sabo ba ne a duniya. A ƙasar Rasha direbobi sun daɗe suna amfani da ita saboda masu haddasa haɗarin ƙarya don cin kuɗin asiransi, shi ya sa ranar 15 ga Fabrairun 2013, da wani dutse ya faɗo daga sama a yankin Celiyabinsk, kamarorin motoci ne suka nuna ma duniya yadda abin ya faru. A Jamus kuwa, a 2018 babbar kotun tarayya ta yarda a karɓi irin wannan hoto a matsayin hujja a shari'ar haɗari.

To amma ba kowace kamara ce shaida ba. Wadda aka saya don araha kan yi shiru daidai ranar da ake buƙatarta.

Zafi ne babban abokin gaba

Abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne: me ke riƙe wuta a cikinta? Iri biyu ne. Akwai mai batir irin na wayar salula, akwai mai wani ɗan tanki na wuta da ake kira sufakafasita. Motar da aka rufe cikin rana a watan Afrilu ko Mayu, zafin bayan gilashinta na iya wuce digiri 60. Batir irin na salula ba ya jure haka: yana kumbura, ya mutu, wani lokaci ma ya fasa kwanson. Mai sufakafasita ta fi tsada, amma ita ce ta ƙasarmu.

Na biyu, kyan hoto. Amfanin kamara shi ne a iya karanta lambar motar da ke gaba. Kada a sayi wadda ta gaza 1080p, in da hali 1440p ta fi. A yi hattara da kwalin da aka rubuta ma 4K alhali kuɗinsa bai kai na cajar waya mai kyau ba, domin galibi ƙaramin hoto ne aka buɗa shi. A sa mai shago ya ɗauki hoton wata mota daga nesa kaɗan, a duba a babbar waya ko kwamfuta. Mai tafiyar dare kuma ya gwada ta bayan magariba. Faɗin gani na kusan digiri 140 ya wadatar. In ya yi yawa, komai sai ya koma ƙanana.

Na uku, a nemi mai GPS, wadda ke rubuta wuri da gudu a jikin hoton. Sunaye irin su Viofo, 70mai, Garmin da BlackVue sanannu ne, sai dai sanannen suna shi ake yi ma jabu.

Memori: nan ake yawan faɗuwa

Kamarar mota ba ta hutawa. Tana yanka hoto gunduwa-gunduwa, minti 1 ko 3 ko 5, in memori ya cika sai ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kansa. Memorin waƙoƙi da ake sa ma waya ba a yi shi don wannan wahala ba. A nemi wanda aka rubuta ma High Endurance, daga shagon da aka yarda da shi.

Memori mai giga 32 na ɗaukar kusan awa 4 zuwa 5 na hoton 1080p. Wanda zai tashi daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, ya san kafin ya isa an goge farkon tafiyarsa. Mai dogon zango ya nemi 64 ko 128. Akwai kuma memorin jabu da ke nuna 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Kamara za ta nuna tana aiki, ranar da aka buɗe a tarar ba komai. Maganinsa a cika shi taf da bidiyo a kwamfuta tun ranar saye, a ga ko duka suna buɗewa.

Yadda ake ɗaura ta

Wurinta bayan madubin tsakiya, inda ba za ta tare ma direba gani ba, kuma inda waifa ke sharewa. In ba haka ba, ƙurar hunturu da ruwan damina za su rufe mata ido. A goge gilashi ya bushe kafin a liƙa. Mai gam ta fi mai robar tsotso, wadda zafi da gargadar hanya ke kayarwa. A cire ledar da ke bakin idon, a karkata ta yadda hanya za ta fi sama yawa a hoton.

Waya ta bi gefen rufi, ta sauko ta ginshiƙin gilashi, ba tare da ta gitta gaban jakar iska ba in motar na da ita. Ƙaramar mota na aiki da bolt 12, yawancin manyan kamiyo 24, ita kuwa kamara galibi 5 take sha. Don haka a duba kan cajar an rubuta 12 zuwa 24 kafin a soka a kamiyo.

Mai son ta yi gadi lokacin da mota ke tsaye a tasha ko bakin duwan, sai ya kai ta wajen mai gyaran wutar mota, wanda a Najeriya ake ce ma rewaya. Shi zai haɗa ta da akwatin fis ta wayar da ke yanke wuta da kanta in batirin mota ya yi ƙasa. Wanda ya bari aka ɗaura ta kai tsaye a batir, da safe sai turi.

Daga nan a daidaita kwanan wata da lokaci. Hoton da ke nuna ranar da ba ita ba, abokin shari'a zai ce na wata tafiya ne. Nijar da Najeriya da Benin agogonsu ɗaya, amma Burkina Faso da Togo da Gana suna bayanmu da awa guda. Masu ɗauko kaya daga Lome su riƙe wannan.

In abin ya faru

Yawancin kamarori na kulle gunduwar da aka yi karo a cikinta don kada a goge ta, kuma akwai maɓallin da direba zai danna da hannu. Duk da haka, bayan an taimaki wanda ya ji ciwo, a kashe kamara, a zare memori, a kwafe hoton a waya. Kada a miƙa ma kowa na asali sai akwai kwafi a hannu.

Sai a san iyaka. A halin tsaron da ake ciki, ɗaukar hoton sansanin soja ko shingen bincike na iya jawo tsarewa. In jami'i ya ce a kashe, a kashe ba gardama. Haka nan watsa hoton mutane a WhatsApp ko Facebook da zargi a kai: dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet, wadda aka yi ma gyara a 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta wannan hanya. Hujja ta hukuma ce da kamfanin asiransi.

Kuma wannan shaida ba ta san ubangida ba. In direba ne ya yi gudun wuce kima, ko yana waya, ko ya yi obatekin a kwana, haka za ta nuna. Ya kamata mai mota ya gaya ma direbansa tun farko cewa an sa ta, kuma tana ɗaukar murya, don kada abin kariya ya zama sanadin ɓata amana.

A ƙarshe, kowace ranar kasuwa kafin a tashi, a goge idonta, a ga fitilarta na ƙyaftawa. Sau ɗaya a wata a buɗe hoton jiya a gani da ido, sannan a wanke memorin daga cikin kamarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.