Adalcin Rabo da Kundin Tsarin Mulkin Najeriya

Tun zamanin Aristotle na ƙasar Girka masana suke raba adalci gida biyu: na gyara, wato mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, da na rabo, wato yadda al'umma za ta kasa dukiya da muƙamai. A kan rabon ne aka fi kai ruwa rana.

A 1971 John Rawls, malami a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya buga wani misali. A ce mutane sun zauna tsara dokokin ƙasa, amma an lulluɓe musu ido, babu wanda ya san ko ɗan sarki zai tashi ko ɗan talaka, mace ko namiji, lafiyayye ko naƙasasshe. Kamar mai kasa nama ne da aka ce shi zai ɗauki kashin ƙarshe: dole ya kyautata rabo. Saboda haka Rawls ya ce bayan an ba kowa 'yanci daidai, ba a yarda da fifikon dukiya ba sai wanda zai amfani na can ƙasa. A 1974 abokin aikinsa Robert Nozick ya musa. A ganinsa, abin da mutum ya samu ta halastacciyar hanya nasa ne, hukuma ba ta da hurumin karɓa ta ba wani.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗebo daga kowane ɓangare na wannan muhawara. Babi na Huɗu ya kare rai, 'yancin faɗin albarkacin baki da mallakar dukiya, kuma wanda aka tauye wa waɗannan yana iya garzayawa kotu. Babi na Biyu, wanda aka gada daga kundin 1979, ya fi kusa da Rawls: sashe na 16 ya hana tattara arziki a hannun 'yan tsiraru, na 14(3) ya ce a raba muƙaman tarayya kada wani yanki ko ƙabila ya mamaye, na 18 ya yi maganar ilimi kyauta.

To, a nan gizo yake saƙa. Sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara kan ko gwamnati ta cika alkawuran Babi na Biyu. Mai gona yana da alƙalin da zai kai wa kuka idan an ƙwace ta babu diyya. Uwar da ɗanta ya rasa aji ba ta da shi a ƙarƙashin wannan babi. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya. Kundinta na 1996 ya sa muhalli cikin haƙƙoƙin da ake kai ƙara a kansu, kuma a 2000, a shari'ar Grootboom, Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa shirin gidaje na gwamnati ya saɓa wa kundin, domin bai tanadi komai ga waɗanda ba su da wurin kwana ba.